Babana da Kwalbar Tsakuwarsa

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni, kunya na neman kashe ni, kuma ban san wa zan gaya wa ba.

Babana tela ne. Bara ƙafafunsa suka fara ciwo, ko keken ɗinki ba ya iya takawa. In ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya ya dafa kafaɗata. Ya sha maganin sanyin ƙashi har ya gaji. Sai wata likita ta taɓa ƙafarsa ta ce ba ta jin bugun jini. Da aka ɗauki hoto, wai babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ce ta yi tsakuwa a ciki, ta tare hanya. Sun ce ba kasafai ake ganin irinta ba. Aka yi masa aiki aka kankare. Alhamdu lillahi ya warke, har Mama na cewa ya fi ƙanena yawo.

To Anti, likita ta ce ya riƙa tafiya kullum, shi kuma ya zaɓi raka ni makaranta. Ashe ya roƙi tsakuwoyin an zuba masa a kwalba, kullum tana aljihunsa. Ya nuna wa maigadin makaranta, jiya har ya tsayar da malamin lissafi, yana girgiza masa ita yana dariya. Yanzu 'yan ajinmu 'Yar Mai Tsakuwa suke kirana. Wallahi ina jin daɗin ganinsa haka, amma ina tsoron in yi magana ransa ya ɓaci ya daina tafiyar.

Daga 'yarki mai kunya.

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, na taya ku murna. Kunyarki ba laifi ba ce, tsokanar 'yan aji tana da ciwo. Shi ma ki yi masa uzuri: wanda ƙafa ta dawo wa, duniya yake son ta sani.

Kada ki taɓa zancen rakiyar, tafiyar nan magani ce. Kwalbar kaɗai za ki nema. Ki sami Mama ta tausasa miki shi, ki roƙe shi ya ajiye ta a shago, inda masu kawo ɗinki za su sha labari su ƙoshi. Sunan kuwa, ki amsa da murmushi, da kansu za su gaji. Kuma ya ci gaba da shan magani da komawa asibiti.

Gobe ki jera da shi har bakin ƙofa, kanki a sama. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya ba ki ilimi mai albarka.