Ɓerayen da Suka Ci Rabon Ganpati

Kawu Bhalchandra, ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ni ɗalibi ne a nan Pune, ƙasar Indiya, shekarata ta huɗu ina bin digiri na uku. Aikina gwada ko maganin ciwon suga zai rage kitsen hanta. Ɓeraye talatin na raba uku: goma suna cin abincinsu na lafiya, goma ana ɗura musu mai da suga, goman ƙarshe mai da suga haɗe da magani. Wata huɗu ina fama da su, ko bikin ƙanwata ban je ba, har yau gida ba a amsa gaisuwata da kyau.

Da muka yanka su muka duba hanta sai ga abin mamaki: masu shan magani sun fi masu abincin lafiya kyan hanta. Farfesa Karmarkar, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya rungume ni, ya ce wata mai zuwa zai kai sakamakon babban taro a Delhi.

Shekaranjiya Mavshi Shevanta, dattijuwar da ta shekara ashirin da biyu tana wanke mana keji, ta miƙo mini modak kamar kullum, ɗan curin nan mai zaƙi, irin nata mai kwakwa da mazarƙwaila da yawa, ta ce in ci, marigayan 'ya'yanta ma suna sonsa. Ashe ɓerayen take nufi: tun bikin Ganpati, abin bautar mabiya addinin Hindu, take ba goman nan masu abincin lafiya modak. Wai ba za ta iya kallon ɓera, dabbar da Ganpati yake hawa, tana azumi a bikin ubangidanta ba, ga maƙwabta suna lasar mai. Bayan biki kuma sun saba, da sun ji ƙarar gwangwaninta sai su miƙe tsaye. Da na fara faɗa, cewa ta yi, “Kai ba uwa ce ta haife ka ba?”

In na faɗa, za a kore ta, shekarata kuma ta tafi. In na yi shiru, Farfesa zai hau mumbari da ƙarya. Yaya zan yi?

Mai Ɓeraye Talatin

Ɗana,

Na karanta littattafan kimiyya daidai gwargwado, ban taɓa cin karo da binciken da tausayi ya rusa da wannan tsafta ba. Mavshi ta yi gwajinta kullum, a kan lokaci, ba fashi. Da yawa daga malamanku ba su kai ta naci ba.

Amma ta yi ɓarna, kuma shiru ba zai gyara ba. Wani likita zai karanta takardarku ya rubuta wa mutum magani, kuma mutumin yana da 'ya'ya. Ban da haka, wanda zai maimaita gwajin a wani gari ba shi da Mavshi, cikin wata shida zai tona ku.

Kafin ka ɗora mata laifin duka, wa ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata dalilin da ya sa goma ba sa cin daɗi? Na san irin ɗakunanku: gargaɗi a ƙofa da Turanci, an liƙa wa matar da yaren Marathi kaɗai take karantawa.

Ka je wa Farfesa gobe da safe, bayan ya sha shayi, kafin ya sayi tikiti. Ka fara da naka sakacin, sunanta ya zo daga baya, haɗe da shekarunta ashirin da biyu. Zai yi ihu. Bari ya yi, kunyar ofis ta fi ta Delhi sauƙi, shi ma zai gane haka kafin la'asar. Kwatancen sauran ɓeraye ashirin da ba su ci modak ba bai mutu ba, ka nuna masa ko magani ya yi wani abu a tsakaninsu. Sauran kuma ka sake, wata huɗu ne, ba ɗaurin rai da rai ba.

Ita kuma ka nuna mata hoton hantar 'ya'yanta. Macen da ta ciyar da su don ƙauna za ta tsare ƙofar nan fiye da kwaɗo.

Abu na ƙarshe. Ka ce “kamar kullum” take ba ka modak. Wata huɗu kana zaune, kana cin abin da goman nan suka ci, kai kuma ba ka cikin masu shan magani. Je ka a ɗauki hoton taka hantar.

Allah ya ba ka digiri da lafiyar cin moriyarsa.

Kawu Bhalchandra