Yaya Bulus da rimot ɗinsa

Lahadi da dare, Sintali

Har yanzu raina a ɓace yake. Jiya wuni na yi ina fama da manhajar da ke kunna tsofaffin gem a laftof, don ni da Yaya Bulus mu sake buga ƙwallon yarintarmu a sabuwar filasmarsa. In na baje hoton ya cika fuskar, sai 'yan wasa su koma gajeru masu tumbi, ƙwallo kamar ƙwai. Dole na bar shi yadda aka yi shi don talabijin mai doro, da baƙi hagu da dama.

Yau bayan coci ya gani, ya ce, "Kai, ban sayi ƙatuwar talabijin don a bar mini gefe baƙi ba." Ya fizgi rimot ya zuƙo hoton, ya ƙara masa girma. Baƙin ya tafi, amma saman ya yanke, har da inda ake nuna ci.

Na zura masa uku, ya rama biyu. Kafin a busa tashi ya rufe laftof ɗin, ya ce wa matarsa kunnen doki muka yi. Ta kuwa yarda!

Tun da nake ban taɓa cin mutumin nan ba sai yau, kuma ba ni da shaida ko ɗaya.