Wa Ke Yabon Kansa a Gidanmu?

Yaya Hadiza,

Gaisuwa daga Madarunfa. Ina gajiya, ya zafin Agadas? Ya maigida da yara? Mu lafiya lau, sai kewarki.

Na je Maraɗi neman aikin koyarwa a wata lakwal ta yara. Shugaban makarantar ya tambaye ni, "Me kika fi sauran da shi?" Na sunkuyar da kai. Kin san gidanmu, wa ke yabon kansa? Da shirun ya yi yawa na ce, "Yayata takan ce yaro ba ya kuka a hannuna." Ya yi murmushi, ni kuwa idona ya cika da hawaye.

Ba su kira ba tukuna. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Ki zo ko da salla, Yaya. Tun tafiyarki ba ni da mai yabona.

Ƙanwarki,
Rabi