Mai Jego a Ɗakin Amarya

Zuwa ga Raliya, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa ga wanda ya kwaso rana, farin watan da mutanen Guci ke gani kullum ni kuwa sai a zuci.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina rubuto miki daga Magariya, daga zauren gidan da na saya dominki. Ni da nake tsayawa gaban yara saba'in a lakwal, makarantar boko, ba tare da muryata ta karye ba, yau alƙalami ya fi ƙarfina!

Kin tuna ranar kasuwar Guci, da muka tsaya bayan rumfar masu ƙuliƙuli, kika ɗauki kara kika zana mini ɗakin da kike so a kan rairayi? Ƙofa tana duban gabas, taga biyu, da wurin da gadonki zai zauna ba tare da ya tare hanya ba. Jaki ya zo ya taka zanen, kika yi dariya har mayafinki ya zame. Wallahi da aka kawo ni garin nan, ban san kowa ba, gida tara na duba ina neman wannan ɗaki. A na goma na same shi. Ranar da meri, ofishin magajin gari, ta buga hatimi a takardar gidan, sunanki na fara kira kafin nawa.

To ga inda na yi kuskure, ya hasken raina, kuma gara ki ji daga bakina. Gidan ɗaki uku ne har da zaure, ɗaya ba rufi. Don in sami kuɗin tol, kwanon rufi, da siminti, na ba da hayar ɗakinki na wata uku ga Mutari, wani mai sayar da man gyaɗa daga Kwaya, wanda ruwa ya rushe masa ɗaki. Muka yi magana gaban mai unguwa cewa zai tashi kafin jere. Na lissafa kwanaki kamar yadda nake lissafi a tablo, allon aji, na manta cewa matarsa Hamida tana da tsohon ciki, kuma ciki ba ya bin lissafin malami. Mako biyu ke nan ta haihu, a ɗakinki, a daidai inda kika ce gado zai zauna.

Yanzu kowace safiya garwar ruwa tana tafasa a tsakar gida, uwar Hamida tana tsoma ganye, ƙamshin kunun kanwa yana iske ni har zaure. Saura kwana ashirin da shida ta yi arba'in. Jerenki kuwa saura sha biyu.

Shekaranjiya gwaggonninki suka zo auna ɗaki, suka tarar da jariri a ciki. Ba su ko sha ruwa ba suka juya. Jiya saƙon waliyyinki Baffa Mala ya iso: ya ɗaga rana sau ɗaya saboda canjin wurin aikina, ba zai ɗaga ta biyu ba. Ko ɗakin ya zama fanko kafin Juma'a, ko a maido mini da kayana.

A maido mini da kayana! Raliya, ina zan kai su? Wane akwati ne zai ɗauki shekara uku na jira? Me zan yi da gida idan ba takunki a cikinsa, in ba kango mai ƙofa ba? Rijiya ce ni, ke ce ruwan. Ba ke, sai jemagu.

Mutari ya zo da kansa, hula a hannu, ya ce zai nemi rumfa a bakin tasha su raɓa. Na dubi matar nan da ko tsayuwa ba ta gama iyawa ba, ga damina, ga jaririn da cibiyarsa ba ta daɗe da faɗuwa ba. Na ce ya zauna. Wa ya taɓa kashe wutar mai jego ya ga alheri? Da wace fuska zan shiga aji gobe in koya wa yara tausayi? Kuma wane barci za ki yi, ke da na sani, a ɗakin da aka fitar da jinjiri cikin ruwa don a shimfiɗa miki gado?

Ga roƙona, ya tauraruwata. Ɗakin da na rufa ƙarami ne, yana duban yamma, tagarsa ɗaya. Ba zai ɗauki rabin jerenki ba, kuma na san mata za su yi magana, na san zafin wannan a kan amarya. Mako biyu kawai, sai ki koma naki. Baffa ba zai saurare ni ba yanzu, amma ba ya ƙetare maganar Kaka, Kaka kuwa ba ta ƙetare taki. Ki je mata. Ki ce ke kika yarda, idan har kin yarda.

Ba zan tashe su ba, Raliya, ko da Juma'a za ta zo mini da abin da nake tsoro. Na share ƙaramin ɗakin, na shafa masa farar ƙasa da hannuna. Direban motar Dungas zai biyo ta Guci ranar Alhamis, ki ba shi amsarki. Kalma ɗaya ta ishe ni.

Naki, ko an maido kaya ko an karɓa, har ranar da zan kwanta dama,

Munir