Laimar da Ba Ta Zo Ba

Uwargida Ishbel, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan kai wa wannan magana bai yi dariya ba.

Na haura saba'in, ina zaune ni kaɗai a garin Greenock. Adabi na karanta a jami'a, na koyi wasan dandamali da burin fitowa a manyan wasanni, irin waɗanda ake tashi daga kallonsu shiru. Abin da na samu shi ne shirin barkwanci na talabijin mai gajerun fitowa. Na ce in riƙe shi kafin babban aiki ya zo. Bai zo ba.

A shirin, ni ne mutumin da ke shiga ofishin kayan tsintuwa na tashar bas, jiƙe sharkaf, in ce, "Laimata ta zo?" Abokin fitowata, Lachie, sai ya leƙa ƙarƙashin kanta ya ce, "Ba ta zo ba, amma ga wannan," ya ɗora haƙoran roba ko agwagwa mai rai. Shi ake yi wa tafi. Ni nawa in tsaya ruwa na ɗiga daga hancina.

An daina shirin tuntuni, mutane ba su daina ba. A shagon soyayyen kifi, a layin ganin likita: "Dattijo, ta zo kuwa?" Ranar da muka binne matata Elspeth ana yayyafi, na ji wani ya raɗa tambayar nan a bayana, suna danne dariya. Ba na riƙe laima a garin nan da ruwa ba ya ɗaukewa, don in na riƙe, cewa suke, "Kai, ta zo!" Gara in jiƙe.

Lachie kuwa ya ji daɗin sunan da shirin ya yi masa. Wata rana a mashaya ya ce mini a gaban jama'a, "Kai da digirinka, ni da agwagwata, wa aka sani?" Daga nan muka daina magana.

Yanzu yana gidan kula da tsofaffi, tunaninsa ya gushe. 'Yarsa Morven ta zo har gida ta ce, "Kawu, ni ma bai gane ni ba. Amma in wani ya shigo da riga a jiƙe, sai ya leƙa ƙarƙashin tebur ya yi ta jira. Ka zo ka yi masa tambayar laimar nan, don Allah." Na je sau ɗaya cikin kwat ɗina mai kyau, na gaishe shi da sunansa, ya tambayi mai jinya ko ni ne sabon likita. An ce da wuya ya ga sabuwar shekara.

Kalmomin da suka cinye mini rayuwa, su zan sake faɗa, don mutumin da ya wulaƙanta ni kuma ba zai ma tuna ya nemi gafara ba?

Mai jiƙewa a Greenock

Dattijo mai jiƙewa,

Ba zan ce maka ka manta ba. Abin da aka yi a bakin kabarin matarka rashin tarbiyya ne, maganar Lachie ma ta yi muni, kuma gafarar da kake jira ba za ta zo ba. Idan ka ƙi zuwa, ba wanda zai kama ka da laifi.

Amma ka duba abu ɗaya. Ka ce shi ake yi wa tafi. To ga shi nan zaune da amsarsa a baki, ya kasa fitar da ita sai ka yi tambayar. Ya manta 'yar cikinsa, bai manta cewa kai yake jira ba. Ashe aikin naka bai kai ƙanƙantar da kake ba shi ba.

Ka je, amma bisa sharaɗinka. Ka gaya wa Morven ba ɗaukar hoto, ba tara ma'aikata su yi kallo. Ku uku kawai. Kada ka sa rai da yawa, yana iya yin shiru. Kada kuma ka jinkirta, lokacin ba a hannunka yake ba.

Ka taɓa burin wasan da ake tashi daga kallonsa shiru. Ina jin wannan ne. Ka tafi a ƙasa ranar da ake ruwa, ka shiga yadda kake.

Allah ya ba shi sauƙi, kai kuma ya sanyaya maka zuciya. In kun gama, ka sayi laima, ka riƙe ta don kanka.

Ishbel