Rasuwar Dakta Elvira Mantovani da Akwatunan Yara Tara da Ta Bari

Cikin alhini da karayar zuciya, Cibiyar Koyar da Jinyar Yara ta Hanyar Sauraro da ke garin Goya, a lardin Corrientes, tana sanar da iyaye, da ɗalibai, da abokan aiki na kusa da na nesa, da ɗaukacin jama'ar gari, cewa ta samu labarin rasuwar wadda ta kafa ta, shugabar sashen horaswa, malamar malamai, Dakta Elvira Mantovani, wadda Allah ya karɓi ranta da safiyar Litinin, 11 ga Agusta, a gidanta, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara saba'in da huɗu a duniya.

Ni, sakatariyarta, aka fara kira. 'Yarta, Malama Silvina, ta bugo waya ƙarfe takwas saura, na ce mata to, na gode, na ajiye kan wayar kamar an ce mini an ɗage wani taro. Na share falon Cibiya, na ɗora ruwan zafi, na haɗa shayin mate yadda marigayiyar take so, babu sukari. Sai da na tsinci kaina tsaye a ƙofar ɗakinta da ƙoƙon a hannu, na ɗaga ɗaya hannun zan ƙwanƙwasa, sannan maganar Silvina ta shiga kunnena. A nan na zauna a ƙasa.

Ina neman afuwar masu karatu idan wannan takarda ba ta yi kama da waɗanda Cibiya ta saba fitarwa ba. Marigayiyar ce take rubuta su. Shugaban kwamitin amintattu, mai girma Farfesa Aníbal Sztern, yana kwance a babban birnin lardi, shekarunsa tamanin da shida, hannunsa ba ya riƙe alƙalami, shi ya umarce ni ta waya da in rubuta da sunan Cibiya. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Abin da nake da shi kawai shi ne shekara ashirin da shida a teburin da ke bakin ƙofarta.

Dakta Mantovani ta dawo garinmu daga Buenos Aires shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a lokacin da idan yaro ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya ƙi cin abinci, ba a san masa wani magani ba sai tsawa. Ta fara da ɗaki guda a bayan wani kantin magani, daga baya ta buɗe wannan Cibiya, inda mutum arba'in da biyu suka samu horo a hannunta. Horon ba na gaggawa ba ne. Shekara huɗu ake yi, kuma kafin ɗalibi ya saurari kowa sai shi ma an daɗe ana saurarensa. Ana darasi duk Asabar, ban da ta farkon wata. A shekarar ƙarshe ake ba ɗalibi yaro guda, kowane mako ya kawo wa malamarsa duk abin da ya wakana, har da inda ya yi shiru da inda ya yi garaje. Na sha ganin manyan mutane masu takardun jami'a sun fito daga wannan zama suna share ido. Ta kan leƙo ta ce mini, “Nélida, ba shi chipá, gurasar rogon nan, mai zafi ya ci, bai mutu ba, koyo yake.”

Ita ma ba ta taɓa ajiye koyo ba. Duk Juma'ar farkon wata takan hau bas ta yi tafiyar awa goma zuwa Buenos Aires, ta zauna a aji da littafin rubutu tare da sa'annin 'ya'yanta. Da gwiwarta ta fara ciwo na ce mata ta huta haka nan, me ya rage da ba ta sani ba? Ta harare ni ta saman tabarau ta ce, “Ƙanwata, ranar da kika ji na ce na iya, ki kulle ƙofar nan ki jefa makullin a kogi.” Yara kuwa sukan kira ta Kaka, ta ce, “Ni ba kakarka ba ce, kakarka tana gida tana jiran ka. Shigo mu yi aiki.” Aikin wasa ne a ƙasa, a kan tabarma, minti hamsin, ba ƙari ba ragi.

Wajibi ne Cibiya ta faɗa wa iyaye da jama'a halin da ake ciki, domin marigayiyar ba ta yarda da ɓoye-ɓoye ba. Kowane yaro da ke zuwa wurinta yana da akwatinsa na katako, da takarda da fensiran launi da zare da almakashi da 'yan mutum-mutumi a ciki, da duk abin da ya zana ko ya yaga ko ya ɓoye. Ba a rubuta suna a jiki. Shi da ita kaɗai suka san nasa, su kaɗai suke buɗewa. Akwatuna tara ne yanzu a cikin kabad. Malama Silvina ta kawo makullin a ambulan, Farfesa ya ce kada a taɓa.

Ɗalibanmu uku na shekarar ƙarshe, ƙarƙashin babbarsu Malama Griselda Acuña, sun san labaran waɗannan yara tara, domin da labaran ake darasin Asabar, amma marigayiyar takan sauya suna da shekaru da unguwa kafin ta kawo labari aji. Idan yaran suka wuce su a falo ba za su gane su ba. Ni na san fuskokinsu da sunayen iyayensu, na san mai tsoron karen maƙwabta da mai son zama kusa da taga, amma ban taɓa jin kalma ɗaya daga abin da ake faɗa a cikin ɗakin ba. Ita kaɗai ta haɗa biyun, kuma ba ta bar rubutu ba. Bisa ƙa'idar aikin, ɗalibi ba ya zama da yaro sai da babban malami mai duba aikinsa, saboda haka yara ukun da ke hannun ɗaliban su ma an dakatar da su, alhali saura wata huɗu ɗaliban su kammala. Daga cikin tsofaffin ɗalibanta uku ne suka kai matsayin duba aikin wani. Biyu sun koma Sifen, ɗayar tana Córdoba da nata nauyin.

Na buga wa iyaye tara waya ranar Litinin ɗin. Jiya Alhamis, duk da haka, wata uwa ta zo da 'yarta a daidai lokacin da suka saba. Ta ba ni izinin faɗin wannan, muddin ban ambaci suna ba. Ta ja ni gefe ta ce, “Nélida, don girman Allah ke ki gaya mata, ni bakina ya kasa.” Na san dokar marigayiyar, na ji ta tana faɗa wa iyaye sau ba adadi: kada a ce wa yaro mamaci ya yi tafiya, kada a ce yana barci. Malama Griselda tana ɗakin darasi, ta taso har bakin ƙofa, ta tsaya nan saboda ƙa'idar aikin ta hana ta zama da yaro. Yarinyar ta dube ni ta ce, “Anti, Kaka ta makara ne?” Na ce yau ba za ta zo ba. Ta ce to in ba ta akwatinta ta jira. Na ce makullin ba ya hannuna, alhali yana cikin aljihun teburin da na dafa. Ko da na buɗe, ban san wanne ne nata ba. Ta hau kujera tana kaɗa ƙafa, da minti hamsin suka cika ta sauko da kanta ta kama hannun uwarta. Ban yi mata ƙarya a kan mutuwar ba, amma ban gaya mata ba, kuma na san marigayiyar ba za ta yaba mini ba.

A madadin mai girma shugaban kwamitin amintattu, da mambobin kwamitin, da malamai, da ɗalibai na da da na yanzu, da iyayen yara, Cibiya tana miƙa ta'aziyyarta ga 'yar marigayiyar, Malama Silvina Ferrarotti, da ɗanta, Injiniya Rubén Ferrarotti, da jikokinta biyar, da dukkan dangi, tare da godiya a kan haƙurin da suka yi na raba mahaifiyarsu da 'ya'yan mutane tsawon shekarun nan. Ba mai zuwa coci ba ce, ta sha tsokanata a kan kyandir ɗin da nake kunnawa, amma ba ta taɓa hana ni ba, don haka zan roƙa mata yadda na iya. Allah ya jiƙanta, ya ba ta hutawa, ya saka mata da alherin da ta yi wa yaran garin nan. Allah ya ba iyalinta haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. An yi jana'izarta ranar Talata a maƙabartar gari.

Cibiya tana roƙon duk wani babban malami a wannan fanni, a ko'ina yake a ƙasar nan, wanda zai iya zuwa Goya ko da sau biyu a wata, da ya tuntuɓe mu. Akwai ɗakin kwana a bayan Cibiya, ni zan dafa abinci. Mun aika wasiƙu huɗu, har zuwa yau babu amsa. Ba a buɗe kabad ɗin ba, ɗalibai uku ba su da mai duba aikinsu, kuma yarinyar nan za ta dawo ranar Alhamis, ba a gaya mata ba tukuna.

Nélida Cardozo
Sakatariya, a madadin Kwamitin Amintattu
Cibiyar Koyar da Jinyar Yara ta Hanyar Sauraro, Goya
Juma'a, 15 ga Agusta