Tofin Gwaggo ya liƙe kwamfutar biro, ni kuma na ɗora wa wani laifin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, garinmu ba shi da girma, in aka ga suna da hantsi kafin la'asar labari ya kai tasha. Don Allah ku ba ni shawara, yau kwana biyu ke nan in na kai loma baki sai zuciyata ta tashi, kuma har yanzu ban tantance wanda ya fi ba ni ƙyama ba, abin da na gani ko ni kaina.

Ina aiki a wani biro, wato ofishin gwamnati, a nan Tasawa, aikin wucin gadi ne, ni nake shigar da sunaye a kwamfuta. Bana kun san yadda damina ta yi mana, ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, don haka sunayen magidanta da za a raba wa hatsi suke ta zuwa daga ƙauyuka a rubuce da hannu, ni kuma in zauna in buga. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka canza mana shugabanni, sabon shef ɗinmu, wato shugaban biron, mutum ne mai tsare gida, ranar da ya zo ya kafa doka cewa ko allura ta biro ba ta kwana a waje. To amma aikin ya fi ƙarfin awowin biro, ga wuta da ake ɗaukewa, sai na riƙa saka kwamfutar tafi-da-gidanka a jaka ina tafiya da ita gida in na tashi, da safe in maido. Mutum ɗaya ne ya sani, wani dattijo da zan kira Baba Idi, shi ne mai riƙe makullai da share teburori, ya yi shekaru a wurin tun ina lakkol, ina ɗan makaranta. Kullum yana ganina da jakar, iyakarsa ya ce in kula da kayan mutane, ya ja ƙofa ya kulle.

A gida kuma akwai gwaggona, yayar mahaifina, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tana zaune a wani ƙauye wajen Korgom, da rumbu ya tashi babu komai bana na je na ɗauko ta. Tsohuwa ce mai son goro, kumatunta ba ya rabuwa da shi, kuma tun da ta ji ana sallamar ma'aikata hankalinta bai kwanta ba. Kowane mako sai ta kawo mini rubutun sha daga wurin wani malami, ni kuma ba na so, in ce mata sai an jima, in tura kwanon ƙarƙashin gado.

Ranar wata Litinin na buɗe kwamfuta a biro, wurin nan da ake jan yatsa a kai yana aiki, kibiya tana yawo lafiya lau, amma in na danna ba abin da ke buɗewa. Maɓallin hagu ko ɗan ƙarar nan ta ƙas ba ya yi. Na kashe na kunna har sau uku. Na aro linzami mai waya, wanda mu nan muke ce wa suri, na jona, jar wutarsa ta kama, kibiya tana tafiya, amma shi ma dannawa ta ƙi. Na canza masa rami, na aro wani linzamin, duk ɗaya. Abin haushi kuma, duk inda na ja kibiya sai ta kwaso rubutu ta shafe shi da shuɗi, kamar akwai wanda ya danne ya ƙi saki. Wani abokin aiki ya ce birus ne, cutar nan ta kwamfuta, muka ɓata yini guda muna bincike ba mu ga komai ba. Wani ya ce in sake saka manhajar linzamin, na saka. Kwana biyu na yi ina aiki da maɓallan rubutu kaɗai, ina tsalle daga gida zuwa gida kamar kwaɗo, abin da nake gamawa kafin azahar ya koma sai magariba, ga shef yana leƙowa yana tambayar ina sunayen.

Da abin ya ishe ni na nemi izini na kai ta wurin wani mai gyara kusa da kasuwa. Shi ya fahimtar da ni, ya ce maɓallin ne ya liƙe a ƙasa, na'urar tana ɗauka yatsa na kai, shi ya sa ba ta sauraron ko wane linzami. Ya kwance ƙusoshi ya ɗaga murfin, wallahi sai da na ja baya. Wani abu ne baƙi-baƙi ja-ja ya daskare a ƙarƙashin maɓallin, yana yauƙi, da ƙananan tururuwa matattu manne a ciki, ga wani tsami-tsami da ke tashi. Mai gyaran ya toshe hanci, ya ce wannan abu mai zaƙi ne aka daɗe ana zubawa, ba na rana ɗaya ba ne. Ya kankare da tsinke, ya goge da auduga, maɓalli ya dawo yana ƙas-ƙas.

A nan na tafka abin kunyar. Baba Idi shi yake dafa shayi a biro, kuma shi yake goge teburina. Da na ji an ce abu mai zaƙi, ban tsaya tunani ba, ko kuwa in faɗi gaskiya, ban so in yi tunani ba, don in aka fara tambayar ina kwamfutar take kwana ni ne a ciki. Shef na tambayata na ce shayin Baba Idi ne. Aka kira shi, shef ya wanke shi tas a gaban kowa, ya ce tsufa ya kama shi, ya ce na'urar da abincin dubban mutane ya rataya a kanta ita ya mayar faifan ajiye kofi. Dattijon nan ya rantse bai taɓa ajiye kofi a teburina ba. Sannan ya juyo ya dube ni, na tabbata zai ce ai yaron nan gida yake tafiya da ita. Bai ce ba. Shef ya karɓe makullan, ya ce ya zauna gida zuwa Litinin ta sama, ni kuma in rubuto rahoton abin da ya faru in sa hannu, da shi za a yanke hukunci.

Da yake makullai sun koma hannun wani wanda ba ya lura da kowa, na ci gaba da tafiya da ita gida. Kwana uku da gyara, maɓallin ya fara nauyi kuma, in na danna sai ya yi jinkirin tasowa, yatsana yana ɗan mannewa. Ga shi Baba Idi ba ya nan, ba mai dafa shayi. Sai na ce wa raina wataƙila saura ne mai gyara bai fitar ba.

Shekaranjiya Juma'a, na fita sallar asuba, cikina ya murɗa, ana sallamewa na dawo ban tsaya gaishe-gaishe ba. Ina ɗaga labule na tarar da Gwaggo zaune a tabarmata, ta buɗe kwamfutar a cinyarta, ga kwanon rubutun nan a gefe. A gaban idona ta kurɓa, ga goro a kumatu, ta kuskure baki da shi, ta yi 'yan addu'o'inta, ta tofa sau uku a daidai wurin da nake jan yatsa. Sannan ta sa babban yatsa tana cusa shi cikin tsagar maɓallin, a hankali, da kulawa, kamar mai shafa wa jariri mai. Da ta gama ta goge saman da bakin zanenta har ya yi ƙyalli, shi ya sa ban taɓa ganin komai ba.

Jama'a, a wurin nan nake kifa hannuna tun safe har yamma. Da hannun nan nake ɓare gyaɗa ina aiki, in lashe yatsa in buɗe takarda. Na fita bayan ɗaki na yi ta kakari, na wanke hannu da sabulu ya fi sau biyar, har yanzu ji nake kamar yana yauƙi.

Da na dawo na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ita ko a jikinta. Ta ce malam cewa ya yi in sha in shafe hannun da nake aiki da shi, an sa zuma a ciki don bakin manya ya yi zaƙi a kaina, to ta ga ina tura kwano ƙarƙashin gado, ta zauna ta lura da inda hannuna yake wuni, ta ce in ni na ƙi zuwa wurin magani ai magani ya je ya jira ni a can. Wata guda ke nan tana yi, kullum in na tafi masallaci. Na ce mata ta kusa kashe na'urar gwamnati, ta ce ai ga ta nan tana haske. Na rasa ta inda zan ɓullo mata, sai na ce mata saboda wannan abu an karɓe makullan wani bawan Allah, mai iyali, cikin wannan shekara da kowa ke neman abin da zai kai baki. Na zaci za ta yi salati. Sai na ga fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi! Ka gani ko? Malam ya hwaɗa mani akwai mai bin ka da sharri wurin aikin ga, ya ce in anka yi wata guda za ya hita da ƙahwatai. To ga shi ya hita."

Na ɗauki kwamfutar na rufe. Ita da zuciya ɗaya ta yi, ba ta san ƙarƙashin maɓalli ba, ba ta san Baba Idi ba. Ni na san shi. Jiya na hange shi a bakin masallaci, na sauya hanya, shi kuwa ya ɗago mini hannu, har yana tambayata ko na'ura ta samu lafiya.

Yanzu ga inda nake. Gobe Litinin zan miƙa rahoto. In na rubuta gaskiya, na tona cewa na karya dokar shef wata da watanni, na kuma yi ƙarya a gabansa, kuma ni ɗan wucin gadi ne, ko takardar kora ba sai an ba ni ba. Gwaggo da matata da 'ya'yana biyu da wannan aikin suke ci, ƙauye kuma babu abin komawa. Ga sunan tsohuwar da ta goya ni zai zama abin dariya a gari, a riƙa nuna ta ana cewa ga mai yi wa kwamfuta tofi. In kuma na rubuta shayi ne, dattijon da ya rufa mini asiri a lokacin da nake tona masa na ƙarya, shi zai tafi. Matata ta ce in rubuta cewa ba a gano musabbabi ba, amma ai na riga na faɗi suna a gaban mutane, shef ba yaro ba ne. Na yi tunanin in fara zuwa gidan Baba Idi in durƙusa, sai dai na san halinsa, cewa zai yi ya yafe, in bar shi ya tafi tun da ni yaro ne mai ƙananan 'ya'ya, kuma ina tsoron in ya faɗi haka zan karɓa.

Don Allah wanda ya san aikin biro, ko ya san yadda ake tunkarar shugaba irin wannan, ya faɗa mini ta inda zan fara. Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Kwamfutar tana gabana yanzu, na buɗe shafin rahoton tun safe ban rubuta ko harafi ba. Na goge maɓallin, yana dannuwa sarai. Gwaggo tana tsakar gida tana ta shi wa malaminta albarka, wai ya raba ni da maƙiyi. Ni kuwa na duba biron nan kaf, maƙiyi ɗaya na gani, kuma ba shi aka karɓe wa makulli ba. Me zan rubuta?